Mitar Gidan Yaya

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka ba ni takardar sallama. Gurbi tara ne a jikinta, kowane sashe na ofishin ruwa zai sa hannu ya buga hatimi cewa ba ya bina komai, sannan a tura sunana wajen masu fansho. Saura mako biyar. Shekara talatin da huɗu ke nan ina ɗaga murfin mita a gidajen mutane ina rubuta ruwan da suka sha.

Kafin azahar na samu hannu uku: sito, asibitin ma'aikata, da ƙungiyar tsimi. Mai ƙungiyar tsimi ko littafi bai buɗe ba, ya ce ai Ba-Bashi ba a duba shi. Sunan da suka laƙaba min ke nan tun ina saurayi, kuma ban taɓa jin haushinsa ba. Gidan nan ɗaki-ɗaki muka gina shi, shekara goma sha ɗaya. Babur ɗina tsoho ne, amma nawa ne. Yara huɗu sun gama karatu, Auta saura zango ɗaya, kuɗinsa na ajiye. Ba a bina, ba na bin kowa.

Talata, ƙarfe huɗu

Ranar layin bayan makaranta. Gida sittin da biyu, na karanta sittin da ɗaya. A gida na sha bakwai, gidan Yaya, na rubuta abin da na saba rubutawa: ƙofa a rufe.

Laraba, bayan magariba

Albashi ya shigo, na kusa da na ƙarshe. Na raba shi a ambulan biyar kamar kullum: cefane, Auta, surukata, na ko-ta-kwana, da wanda ba na rubuta suna a kai. Matata ce ke kai wannan. Malama nake ce mata, don koyarwa ta yi har ta riga ni ajiye aiki da shekara biyu. Ba na tambayarta abin da aka ce in ta kai, ita ma ta daina faɗa.

Na zana jadawalin ritaya a bayan kalanda. Litinin shagon babban ɗana, in taya shi lissafi, don yaron nan ciniki ya iya amma rubutu sai a hankali. Laraba in kai surukata ganin likita. Alhamis gyare-gyaren gida. Asabar ta jikoki ce, dama tasu ce tun da. Malama ta leƙo ta kafaɗata ta karanta, ta sa yatsa a gurbin da na bari.

"Malam, Talatar fa ta wa ce?"

Na ce ta hutu ce. Ta ce to, Allah ya ba da hutu, ta ɗauki ambulan ɗin ta fita.

Juma'a, ƙarfe uku

Hannu takwas sun cika. Na tara na odita ne, mai binciken lissafi, kuma ta ƙi.

Yarinya ce, ba za ta girmi 'yata ta biyu ba, mai ladabi, har kujera ta jawo min. Ta juyo min da fuskar kwamfuta. Gida na sha bakwai, layin bayan makaranta: wata ɗari da takwas a jere ana yi masa ƙiyasi, yunit ashirin da huɗu duk wata, ba ƙari ba ragi. Doka ta yarda da ƙiyasin wata uku ne kawai in an tarar da ƙofa a rufe. Ta kuma nuna min cewa duk wata ana biyan kuɗin a kantar ofis tun kafin a buga takardar, kuma hannuna ne a kan rasit.

Ta ce, "Baba, gidan wa ne?"

Na ce na wani mutum ne. Ta dubi sunan mahaifin mai gidan, ta dubi nawa a takardar sallama, ta gyara gilashinta. Ta ce ita ba ta zargina da cin ko kwabo, amma ba za ta sa hannu ba sai an kawo karatun gaskiya da hoton mitar. In abin da suka sha ya wuce ƙiyasi, ni zan cike, tun da ni na rubuta.

Wannan ne ya tsaya min a rai a hanya. Ashe zai yiwu shekara tara ana bina bashi ban sani ba.

Asabar, ƙarfe shida

Na kai jikoki filin wasa. Lilo sau uku kowa, alawa bibbiyu. Ƙaramar ta yi amai a rigata.

Litinin, ƙarfe biyu

Na roƙi Dogo ya je min. Tare aka ɗauke mu aiki, shi saura shekara ɗaya. Ya ce in dai karatun mita ne ai ko a ramin kura take zai shiga, amma in saya masa abincin rana. Na saya.

Talata, ƙarfe biyar

Dogo ya dawo hannu rabbana. Ya ce ya yi sallama, babbar 'yar Yaya ta fito, ta gaishe shi da kyau har da ruwan sha. Ta koma ciki ta dawo ta ce mai gidan ya ce layin nan yana da mai shi, mai layin ya zo da kansa.

Dogo ya ce bai san ta dawo gidan ba, ya ɗauka tana can garin mijinta. Ni ma ban sani ba. Ya ce gidan shiru, kuma akwai warin magani tun daga ƙofa. Na ce masa ba warin gida na aike shi ya karanto ba. Ya dube ni ya ce abincin jiya dai ba zai dawo da shi ba.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Takalmin aiki ya buɗe baki ta gefen dama. Mako uku da 'yan kwanaki suka rage, ban ga amfanin sabo ba. Zan kai a ɗinke.

Juma'a, bayan la'asar

Malama ta je gidan Yaya jiya, sai yau ta faɗa min, kuma ban tambaya ba. Ta ce ƙafafunsa sun kumbura, wata biyu ke nan bai fito tsakar gida ba. Numfashi ma sai an jingina shi da filo uku. Likita ya faɗi abin da likitoci ke faɗa.

Na buɗe ambulan ɗin ko-ta-kwana na cire rabi na ba ta ta kai. Ta karɓa ta sa a jaka.

Asabar, ƙarfe shida

Filin wasa. Lilo ya karye, sai muka ci gyaɗa muka dawo.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Kuɗin sun dawo. Malama ta ajiye ambulan ɗin a kan tebur kusa da kofin shayina, ko buɗe shi ba a yi ba. 'Yar Yaya ta ce a gode wa Baffa, an sayi magani na wata guda, kuma ƙannenta suna turowa.

Na ce to a ajiye musu zuwa gaba. Malama ta zauna, abin da ba ta cika yi ba da safe.

"Shekara tara ina yi maka 'yar aike, ban taɓa cewa na gaji ba. Yau na gaji. Ba kuɗi ne ya rage a gidan nan ba, Malam, ka fi kowa sani."

Na ce shayin ya huce. Ta ɗauka ta ɗumama min, ta dawo da shi ta dire da ɗan ƙarfi.

Litinin, ƙarfe ɗaya

Shugaban sashenmu ya kira ni, ya rufe ƙofa. Ya ce bai ga dalilin da fanshon mutum kamata zai maƙale saboda mita ɗaya ba. Akwai tsofaffin mitoci a sito, a juya ɗaya ta kai lambar da ake so, a ɗauki hoto, magana ta ƙare. Ya ce odita sabuwa ce, ba ta san mita daga agogon bango ba.

Na gode masa. Na ce shekara talatin da huɗu ban taɓa rubuta lambar ƙarya ba, ba zan fara a mako ukun ƙarshe ba. Ya ce shi ya sa ake ce min Ba-Bashi, ya buɗe min ƙofa.

A kan babur na tuna cewa sau ɗari da takwas na rubuta ƙofa a rufe, kuma ko sau ɗaya ban ƙwanƙwasa ba.

Talata, ƙarfe huɗu

Ba ranar layin ba ce, sai farkon wata. Na bi ta can duk da haka, don hanyar ta fi sauƙi. Ba ta fi sauƙi ba. Ƙofar Yaya a buɗe take rabi, an sa dutse an tokare ta. Fentin da na taya shi shafawa ya kwaile. Na tsaya wajen mai gyaran taya na sa ya duba min iskar baya, ya ce lafiyarta lau.

Laraba, bayan magariba

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tun da littafin nan ba mai karantawa.

Takarda ɗaya ce, ta banki. Yaya kafinta ne, yana da shago da injina uku da ma'aikata. Aiki ya karye masa, ba laifinsa ba, ko kuma da laifinsa kaɗan, ban bincika ba. Banki suka ce za su ɗaga masa ƙafa in ma'aikaci mai albashi ya tsaya masa. Ya zo nan, ya zauna a kujerar nan ta kusa da taga, ya miƙo min biro. Na ce masa ba na sa hannu a bashi, ko nawa ko na wani, yara huɗu ne a makaranta. Na ce zan ba shi duk abin da ke hannuna, kuma na ba shi, bai kai ba. Bayan wata biyu aka zo da mota aka kwashe injinan.

Da na je gidan, a tsakar gida ya tare ni. Ya ce tun da hannuna ya fi ƙarfin takardarsa, ƙafata ma ta fi ƙarfin ƙofarsa. Bai ɗaga murya ba. Na fita.

Har yau in aka maimaita lissafin, ina ganin daidai na yi. Da na sa hannu da gidan nan ma ya tafi.

Kuɗin makarantata da ya biya bayan rasuwar Baba ba bashi ba ne. Shi da bakinsa ya ce kyauta ce.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Ban ci burodin karin kumallo ba. Malama ta ba kaji.

Juma'a, ƙarfe biyar

An kai Yaya asibiti jiya da rana. Malama tana can. Na ba ta kuɗin mota, wannan ta karɓa.

Asabar, ƙarfe shida

Ban kai jikoki ko'ina ba, a tsakar gida suka yi wasa. Babbar ta samu ƙugiyar da nake ɗaga murfin mita da ita, tana bin ƙannenta. Na zauna ina kallo. Na lissafa cewa bikin 'ya'yan Yaya uku aka yi, duka na aika gudummawa, mai kauri kuwa, ban je ba. Da matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce na je jana'iza, na zauna a tabarmar waje kwana uku, na yi masa gaisuwa a cikin layin mutane ya amsa kamar yadda ya amsa wa kowa. Ban shiga ba. Ba wanda zai ce ban yi abin da ya kamata ba.

Litinin, ƙarfe bakwai na yamma

An sallamo shi. Ba don ya warke ba, in ji Malama, sai don ya ce gida yake so.

'Yar Yaya ta kira wayata. Ban san tana da lambata ba. Ta gaishe ni, ta tambayi Mama da su Auta, sannan ta ce, "Baffa, ya ce gobe Talatar farkon wata ce. Wai in tambaye ka ko za ka zo, don a share wajen mitar."

Na ce aiki ne, dole in zo. Saura kwana goma sha ɗaya, kuma odita na jira.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na fara daga ƙarshen layin na dawo baya, don in jinkirta isa sha bakwai. Sha ɗaya da rabi na isa. Na yi sallama kamar yadda nake yi a kowane gida, na ce mai karatun mita ne. Yarinyar ta fito ta durƙusa ta gaishe ni. Ta yi furfura a gaban goshi, ni kuwa da goyon fari na san ta.

Mitar tana inda take, bayan famfo, jikin bangon kicin. An share wajen, har an yayyafa ruwa. Na sa ƙugiya na ɗaga murfi, na goge gilashin da babban yatsa: 3,083. Ƙiyasina ya kai 4,452. Abin da ya fara zuwa min shi ne ba a bina, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Da na ɗago ne na ga bangon. Rubutu ne da fensirin kafinta, irin mai faɗin nan, layi-layi daga daidai kafaɗa har kusan ƙasa, ya cika ya koma gefe ya sake farawa. Kwanan wata, lambar mita, da abin da aka sha. Hannun Yaya ne, bakwai ɗinsa mai sanda a tsakiya. Kowace Talatar farkon wata, tun daga watan da na daina shiga.

Na karanta, don karatu ne aikina. Ashirin da huɗu, ashirin da biyar, ashirin da uku. Sai sha tara, shekarar da aka aurar da ta biyu. Sha biyar. Sha ɗaya. Akwai wata guda da ya haura arba'in, na duba kwanan watan, na zaman makoki ne. Daga nan shida, biyar, har autansa ya tafi aiki wani gari. Sai uku, uku, biyu, uku, shekara uku da wani abu. Yunit biyu a wata bokiti uku ne a rana, da wanka da wanki da girki da alwala. Duk waɗannan abubuwan na san su ɗaya bayan ɗaya, ban dai taɓa tara su ba. Ni ina can ina biya wa mutum bakwai ruwa. Watanni biyun ƙarshe babu rubutu.

Yarinyar ta ce tun da ƙafar ta hana shi fitowa yake damunta ta karanta masa, ita kuma ba ta gane wace lamba ake ɗauka ba. Na ɗauki hoton mitar. Na mayar da murfin.

Yana ɗakin da ke kallon famfo, an jingina shi. Ya rame ta sama, ya kumbura ta ƙasa. Na durƙusa na ce, Yaya, ina wuni. Ya daɗe yana kallona.

"Tsinke," ya ce. Tun ina yaro haka yake kirana. "Ka yi tumbi."

Na ce shekaru ne. Ya tambayi nawa na samu, na faɗa masa, ya rufe ido yana lissafi, ya ce to bai yi nisa da nasa ba. Na ce masa ya san dai ofis ba ya karɓar karatun bango. Ya yi dariya har tari ya kama shi, yarinyar ta ba shi ruwa.

"Takardar ruwa ta daina zuwa, na san kai ne. Na ce tun da yana biya, wata rana zai zo ya karanta. Kar ya zo ya tarar ba a ajiye masa lissafi ba."

Na so in yi maganar takardar banki, na ma fara, ya ɗaga hannu ya ce numfashinsa bai kai na tsohon zance ba. Ya ce in da gaske aiki na zo yi, yarinyar nan ba ta iya ɗaga shi ita kaɗai, kwana huɗu bai yi wanka ba.

Na cire takalmi na naɗe wando. Na tara bokiti biyu, ta dafa ɗaya. Ya fi yadda na zata nauyi. A bayansa har yanzu akwai tabon da katako ya ji masa shekarar da na shiga sakandare. Na yi kuka kaɗan ina cuɗa masa baya, bai gani ba, ko ya gani ya ƙyale.

Laraba, ƙarfe biyu

Odita ta duba hoton ta sa hannu. Gurbi tara sun cika. Ta ce yanzu ofis ne ke riƙe da kuɗina, na yunit dubu ɗaya da ɗari uku da sittin da tara, in cike fom a mayar min. Na ce a bar su a kan mitar gidan. Ta danna na'urar lissafi ta ce a yadda ake shan ruwa a can, sai sun shekara talatin ba su ƙare ba. Na ce za a ƙara sha.

Juma'a, ƙarfe biyar

Na je wajen Yaya bayan an tashi daga aiki. Ya ci ayaba rabi.

Asabar, ƙarfe shida

Na kai jikoki can. Sun cika gidan da ihu, ƙaramar ta buɗe famfo ta jiƙa kanta sharkaf. Na tashi zan rufe, Yaya ya ce daga ɗaki in bar ta.

Juma'a, ƙarfe huɗu

An yi min walimar ban kwana a ofis. Lemo, biskit, jawabi huɗu. Shugaban sashe ya ce a tarihin ofishin ba a taɓa ma'aikacin da ya fita ba a binsa ko allura ba sai ni, aka tafa. Aka ba ni agogon bango. Na mayar da ƙugiya da tocila sito, mai sito ya ce in riƙe ƙugiyar, an riga an cire ta daga littafi. Dogo ne zai gaji layin bayan makaranta.

A gida Malama ta miƙo min kalanda da biro. Na cike gurbin Talata. Ta ce Alhamis ma ai gyare-gyaren gida za su iya jira, na soke na cike ta ita ma.

Talata, ƙarfe sha biyu na rana

Farkon wata. Jikin Yaya ya ƙara tsananta, tun shekaranjiya ba ya magana sosai, kuma yaran duk sun zo. Na yi masa wanka da tsumma a kan gado. Da muka gama ya nuna min ƙarƙashin filo da ido. Fensirin ne, ya rage kamar ɗan yatsa.

Na fita na ɗaga murfin: 3,104. Na tsuguna na rubuta a ƙarƙashin layinsa na ƙarshe. Na koma na faɗa masa a kunne cewa ashirin da ɗaya ne wannan watan.

Ya ce, "Gida ya cika."

Dogo ya zo sha ɗaya da rabi da littafinsa. Na ce ya shigo, ƙofa a buɗe take.